Jakar Korau da Idon Ruwan Tsiyaya

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya kafe ta da duwatsu don kada ta girgiza, ya ɓoye abin da ya so a cikinsu, ya nuna wa wanda ya so. Bayan haka, ni ne Anaruwa, mutumin Tudun Maƙera a ƙasar Bayan-Gishiri, wadda ayari ke yin wata tara kafin ya hango hayaƙinta. Zan faɗi abin da ya same ni a tafiyata. Ba labari ne mai daɗin faɗi ba, kuma wanda ya ji ya yi mini dariya, halalinsa ne.

Ubana Korau mai karanta duwatsu ne. Idan gari ya ga wani dutse ya yi zaton da zinariya a cikinsa, shi ake aika wa. Yana da wata jar jaka ta fatar akuya, duk inda aka gan ta an san mai ita. Karatun sana'ar shekara bakwai ne. Shekara huɗu na farko ana koyon gidan zinariya, uku na ƙarshe ana koyon mai gidan.

Gida kam na san shi. Na san a bi rafi ana hawa, a duba cikin kwana inda ruwa ke rage gudu ya sauke kayansa masu nauyi. Na san baƙin yashin nan da ke kwanciya a gindin ƙwarya bayan farin ya tafi. Na san farin dutsen ƙanƙara mai jijiyoyin tsatsa kamar busasshen jini, mai ramuka kamar saƙar zuma, da wurin da duwatsu iri biyu suka haɗa kafaɗa. Ya kuma nuna mini wani maƙaryacin dutse da yake kira ɓawon kifi, mai walƙiya kamar zinariya, amma da ka sa farce sai ya ɓare falle-falle, iska ta ɗauke shi.

A nan na tsaya. Na gaji da ɗaukar jaka da dakan dutse, na ce masa zan bi ayari in ga duniya. Yana ɗinkin takalminsa a lokacin, bai ɗaga kai ba.

"Saura uku, Anaruwa," ya ce.

"Baba, ai zan dawo."

Na dawo kuwa, bayan shekara biyu. Na tarar ƙasar kabarinsa ba ta gama bushewa ba. Maƙwabta suka miƙo mini jakar, suka ce ya bar wasiyya a ba ni. Na buɗe ta a ɗakinsa, inda har yanzu rigarsa ke rataye da siffar kafaɗunsa. Da ƙaramar guduma a ciki, da baƙar ƙwarya, da allura, da wani farin tsingaro mai kaushi. Guduma da ƙwarya na san aikinsu. Allurar na ɗauka ta ɗinki ce. Tsingaron na juya shi, na sake juyawa, na mayar, na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Da aka yi sadakar arba'in na rataya jakar na nufi yamma, da niyyar in sami wani gwani in ƙarasa shekaru ukun a hannunsa. Allah ya sani da wannan niyya na fito.

Na yi kwana goma sha bakwai na isa Filin Jiminai. Jiminan wurin kowace ta kai tsayin rumbu biyu an ɗora wani kan wani, kuma ba abin da suke so kamar abu mai walƙiya. Zobe ne, wuƙa ce, ko idon mutum, sai su sare su haɗiye. Matafiya kan shafe jiki da toka su ratsa suna kallon ƙasa. Ni ban sami mai gaya mini ba. Ina tsakiyar fili rana ta bugi kan gudumar da ya leƙo daga jaka, sai na ji ƙasa tana rawa. Guda shida ne, sun miƙo wuya, suna tafe kamar guguwa.

Na ruga, na yi tuntuɓe, na faɗi a kan wani faffaɗan dutse. Ina ɗaga kai na ga ɓawon kifi ne, shimfiɗe kamar tabarma. Na kai masa guduma, na cika hannuwana biyu, na watsa sama. Iska ta kwashe shi, sararin nan ya cika da walƙiya kamar an fasa madubi dubu. Jiminai suka rikice, suna saran iska, suna saran juna. Na yi ta watsawa ina ja da baya har na faɗa cikin kurmi.

Da numfashina ya dawo sai na ji wani abu ya taso mini a ƙirji. Na ce ashe dai na san duwatsu. Wannan tunani ya fi jiminan yi mini ɓarna.

Bayan kurmi akwai Kogin Shuni, wanda ruwansa ke rina ƙafar mai tsallaka ta yi kwana bakwai shuɗiya. Mai fito wani dattijo ne mai ido ɗaya. Yana ganin jakar ya saki sandar tuƙi.

"Kai! Wannan ba jakar Korau ba ce?"

"Ita ce, Baba. Allah ya yi masa rasuwa. Ni ɗansa ne."

Ya yi salati, ya share ido. "Allah ya jiƙansa. Shi ya nuna wa ƙauyenmu inda za mu tona, har yau muna cin albarkarsa. To alhamdulillahi, tun da ya bar magaji. Ka sauke karatun ke nan?"

Ruwa na bugun gefen jirgi. Kalma ɗaya ce tsakanina da gaskiya, kuma ba ta da nauyi. Amma dattijon yana dubana da idonsa ɗaya kamar ubana ne ya dawo, ni kuwa tun da aka binne shi ba wanda ya dube ni haka.

"Na sauke," na ce.

Kafin mu kai tsallake ya ɗauko gangarsa ya buga. Wata ta amsa daga bayan tudu, wata ta amsa mata. Labari ya riga ni tafiya.

Shi ya sa da na iso Tsiyaya na tarar an fito tarona da guɗa. Gari ne a gindin wani baƙin tsauni da suke kira Dutsen Uwa. Daga ƙirjin dutsen wani ido ke fitowa, ruwansa ya bi doguwar kwata ya ratsa lambuna ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen kwari. Ba su da rijiya, damina kuma ba ta cika zama a wurinsu ba. Kogi yana nesa, tafiyar rabin yini kai da komowa. Da idon nan suke sha, da shi suke ci.

Mai gari, wani kakkauran mutum mai suna Jatau, ya kama hannuna ya kai ni gindin dutsen. Shekara biyu da suka wuce wani ɓangare ya zame, farar jijiyar ƙanƙara ta bayyana dab da saman idon, cike da ƙwayoyi rawaya masu walƙiya.

"Ga abin da ya hana mu barci, ɗan Korau," in ji shi. "A al'adarmu ƙarfe da wuta ba sa taɓa Uwa sai mai jaka ya fuskanci ido ya ce akwai, sau uku. In an fasa ta, ruwan yana iya canza hanya, kakanninmu sun faɗa. In zinariya ce, mun yarda, za mu sayi hatsi mu haƙa tafki. In ba ita ba ce, mu bar Uwa da mutuncinta. Bakinka muke jira."

Aka sa mini gutsuren da ya faɗo a tafin hannu. Rana tana tsaka, makaɗa suna kiɗa, gari kaf ya zuba mini ido. Na duba, ga farar ƙanƙara, ga tsatsa, ga ramukan saƙar zuma. Gida ne sak irin wanda aka koya mini. Na sa farce a kan ƙwayar rawayan, ba ta ɓare ba. Na jinjina, da nauyi. Na ce a raina, ba ɓawon kifi ba ne, to me ya rage?

Na fuskanci ido na ce akwai. Na sake. Na sake.

Washegari aka yi wutar fari. Yadda suke fasa dutse shi ne su jibga itace a jikinsa, su hura tun hantsi har azahar, sannan su kwara masa ruwan sanyi. Wuta uku ake yi, kwana uku. Ta fari tana tsaga fata, ta biyu nama, ta uku ƙashi. Da aka kwara ruwan, dutsen ya yi wata ƙara kamar saniyar da aka soka, tsaga ta gangaro daga jijiyar ta nufi ƙasa. Mutane suka yi sowa. Aka yanka mini rago.

Da hantsin rana ta biyu, ana tara itacen wuta ta gaba, na gangara wani busasshen rafi in kaɗaita. Na iske wata tsohuwa a tsugune, ta tona ɗan rami ruwa ya taru, tana juya yashi a ƙwarya. Sunanta Iya Tasalla, ita kaɗai ce a garin ke wankin yashi. Ba ta ɗago ba.

"A'a, angona ne da kansa? Ka ci ragonka ka ƙoshi, ko ƙashi ba ka aiko wa amarya ba."

"Iya, ai ban san ina da mata a garin nan ba."

"Yo ina za ka sani, kana can ana yi maka kiɗa." Ta tsiyaye ruwan ƙwaryar a hankali. "Na ga ubanka yana aiki, shekara talatin ke nan, a garin da aka haife ni. Kwana uku ya yi da dutse ɗaya. Bai taɓa cewa akwai a tsaye ba, kuma bai taɓa faɗa a rana ba. Kai kuwa ko zama ba ka yi ba. Na ce oh, ɗan ya fi uban."

"Kowa da irin hannunsa, Iya."

"Haka ne. Miƙo dutsen in ga hannun naka."

Na ba ta. Ta ja ni ƙarƙashin wata tsamiya, ta kwance bakin zanenta, ta fito da wata ƙwaya da ba ta fi ƙwayar dawa ba. Ta ce zinariya ce, ita kaɗai ta samu a shekara guda daga rafin nan. Ta ajiye su biyu a tafin hannunta cikin inuwa. Tawa ta dushe, sai an juya ta take ƙyalla ido. Tata kuwa tana nan rawaya, shiru, ta kowane gefe, kamar man shanu a gindin ƙwarya.

"Dubi siffarsu kuma. Taka mai kusurwa ce, kamar an yanka da wuƙa. Tawa fa?"

"Kamar an tauna ta."

"To. Zazzage jakar."

Na zazzage. Ta ɗauki allurar ta soki ƙwayarta, bakin allura ya shiga ya bar rami. Ta ba ni na soki tawa, allura ta zame. Ta ɗauki tsingaron, ta goga tata, ya bar layi rawaya siriri. Ta goga tawa, layin ya fito baƙi mai ratsin kore, kamar kashin kaza. Ashe abin da tsingaron yake yi ke nan. Wata biyu ina ɗauke da shi a hammata.

"Saura guduma," in ji ta. "Kai za ka buga, ni hannuna ya tsufa."

Na ɗora ƙwayarta a kan dutse na buga. Ta baje ta yi faɗi kamar ganyen zogale, ko gutsure bai fita ba. Na ɗora tawa na buga. Ta yi tartsatsi ta tarwatse, ta koma baƙin gari, wani wari ya taso kamar na ruɓaɓɓen ƙwai.

"Maƙaryatan biyu ne," ta ce, tana ƙulle ƙwayarta. "Ƙaramin ka sani. Wannan babban ne, ubanka yana ce masa mai-wari. Yakan zauna a gida ɗaya da zinariya wani lokaci, shi ya sa jiya na kwaso garin da ya zubo daga tsagar, na daka, na wanke ƙwarya goma sha biyu. Ko ƙyas."

Na zauna a ƙasa. Da ƙasar ta tsage a lokacin da na gode mata.

"Iya, me ya sa ba ki gaya musu ba?"

"Na faɗa tun bara. Jatau ya ce in bakin tsohuwa jaka ne, to a rataya ni a kafaɗa. Dariya aka yi har da masu riƙe ciki. Bakin mai jaka kaɗai Uwa ke ji, ɗan nan. Kai ka ɗaura, kai za ka kwance." Ta dube ni a karo na farko. "Amma ka san kuɗin kwancewa? Mai jakar da ya janye maganarsa, da hannunsa zai ƙone jakar a gaban jama'a. Kuma a buga ganga, kada a ƙara kiransa da sunan ubansa."

Ba zan ɓoye ba, hanyar fita gari na kama. Na rungume jakar ina sauri, ina cewa ita kaɗai ta rage mini, har yanzu igiyarta tana da warin zufar ubana. Hanyar ta bi gefen kwata. Ina tafe idona ya faɗa ciki, sai na ga alamar da ruwa ya saba kaiwa, kore-kore a jikin dutse, ruwan kuwa ya sauka ƙasa da ita da faɗin tafin hannu. Wuta ɗaya ke nan. Wasu ƙananan kifaye sun maƙale a laka suna buɗe baki. Na tsaya ina kallonsu har na ji an fara kiɗan wuta ta biyu.

Ban san lokacin da na juya ba. Na iso ina haki, itace ya kai tsayin mutum biyu, Jatau yana riƙe da bakin wuta.

"Ranka ya daɗe, dakata!"

"Ga mai jaka nan! Zo ka sa albarka."

"Babu," na ce. Sai na fuskanci ido na ɗaga murya. "Babu. Babu. Babu."

Kiɗa ya mutu. Jatau ya matso har ina jin hucin wutar a fuskata.

"Yaro, rana ce ta buge ka? Shekaranjiya da wane bakin ka ce akwai?"

"Da wannan, ranka ya daɗe. Ƙarya na yi. Shekara huɗu na yi a hannun ubana na gudu, ban sauke ba."

Wani daga baya ya ce a jefe ni. Wata mata ta ce, "Ragonmu fa? Ya amayo shi!" Na roƙi a ba ni gutsure mafi kyau da suke da shi. Na durƙusa a inuwar dutsen, na goga a tsingaro na zagaya da shi kowa ya ga baƙin layin. Na buga da guduma, ya tarwatse, warin ya bugi na gaba-gaba suka toshe hanci. Jatau ya tsuguna, ya shafi baƙin garin da yatsa, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ɗaga kai ya dubi tsagar da ke jikin Uwa.

"Shekara biyu muna jiran ubanka," ya ce a hankali. "Da mun ƙara biyu." Ya miƙo mini bakin wutar. "Ka san al'ada."

Aka janye itacen daga jikin dutse, aka bar ɗan kaɗan a fili. Na ɗora jakar da duk abin da ke cikinta. Fatar ta naɗe, ta yi baƙi, ƙwaryar ta fashe. Ban yi kuka ba, don ban ga ina da hakkin yi a gabansu ba. Ganga ta tashi, wata ta amsa daga bayan tudu, na san kafin la'asar za ta kai Kogin Shuni, kunnen mai fito.

Ba wanda ya kore ni, ba kuma wanda ya ƙara yi mini magana. Aka cusa yumɓu da tsakuwa a tsagar, ruwan ya daina sauka, amma abin da ya tafi bai dawo ba. Kwata ta ci gaba da shayar da lambuna, sai dai ba ta kai ƙarshen kwari kamar da. Lambun ƙarshe ya rasa ruwa ɗungum.

Bayan kwana uku na bi kwatar har inda ta ƙafe. Wani ɗan lambun albasa ne, layi tara, ganyen ya fara kwanciya. Na tambayi wani mai wucewa na wane ne. Ya tofar da yawu, ya nuna da haɓa. Iya Tasalla ce can a tsakiyar layukan, a duƙe, tana ɗiga wa kowane gindi ruwa da ludayi daga wani ɗan tulu. Tun ranar wutar fari ta san lambunta ne zai fara mutuwa, kuma duk zamanmu a gindin tsamiya ba ta ambata ba.

Na ari tulu biyu da sanda, na tafi kogi. Ban dawo ba sai da rana ta karkata, kafaɗata ta saɓule. Na shiga lambun ban yi sallama ba. Na karkata tulu a kan layin farko.

"Kai, angon banza," ta ce, ba ta ko waiwayo ba. "Ba nan ba. Wancan na gefen ya fi jin ƙishi. Kuma a hankali, kada ka tone musu saiwa."

Na ɗaga tulun na koma layin gefe.